Tsofaffin zannuwa a akwati, ga bazara ta kawo kai: a yanka ko a bayar?

Maman_Hauwa_Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, ina so masu sana'a da iyayenmu su sa baki. Kun san yadda Afrilu da Mayu suke a Damagaram. Tun yanzu ƙurajen zafi sun fara feso wa yarana a wuya da gadon baya, da na duba kayansu kuwa yawanci na kanti ne, masu santsin nan da ba sa shan zufa. Ga akwati cike da tsofaffin zannuwa tun na aure, ga kaftanan maigida na shadda da wuyansu ya cinye amma jikin lafiya lau. Keken ƙafa na nan, Butterfly, kuma na iya miƙaƙƙen ɗinki. Niyyata in yanka su in fitar da riguna marasa nauyi na zaman gida, nawa da na yara. Da na faɗa wa wata 'yar uwa sai ta ce rowa ce, tsohon zane kyauta ake yi da shi, ba a sa masa almakashi. Ni a ganina zanen da ya sha wanki ya fi sabo sanyi a jiki nesa ba kusa ba. Me kuka gani?

Nana_Sabongari:
Wa alaikumus salam. Yanka abinki Maman Hauwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Duk rigunan barcin yarana daga tsofaffin zannuwana suka fito.

HajiyaKaka:
Ɗiyata, 'yar uwar taki ba ta yi ƙarya ba, ke ma ba ki yi ba. Mu yadda muka taso, zane yana da matakai. Sabo na fita biki ne. In ya kwana biyu ya koma na zaman gida. Daga nan ya zama zanen goyo, a yanki gefensa a yi majanyi. In ya ƙara tsufa a yi wa jariri shimfiɗa, ƙarshe ya zama tsumman sauke tukunya. Ba a taɓa jefar da zane ba a gidanmu. Wanda ake bayarwa kuwa shi ne mai sauran ƙarfi, wanda in kin miƙa wa mutum ba za ki sunkuyar da kai ba. Ki zauna ki raba akwatin nan kashi biyu kafin ki ɗauki almakashi.

TelaSani_Zango:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara na aiki ne. Maman Hauwa, kafin ki yanka kowane zane ki fita tsakar gida ki ɗaga shi sama wajen rana. Inda haske ya ratsa sosai, wurin ya mutu, ko kin ɗinka wanki biyu zai yage. A zanen mace kullum tsakiya ke fara mutuwa, wurin zama, gefuna biyu kuwa suna nan da ƙarfinsu. A kaftanin namiji wuya, bakin aljihu da gwiwar hannu ne ke tafiya. Bayan rigar daga kafaɗa zuwa ƙugu da ƙasan gaba su ne naman. Kada ki yanke ɗinkin da almakashi, ki farke shi da reza a hankali, ki tsince zaren, ki wanke, ki goge, sannan ki shimfiɗa ki ga abin da kika samu. Kaftanin babban mutum guda yana fitar da 'yar shara da gajeren wando na yaro ɗan shekara biyar ko shida, wani lokaci har da saura.

Zara'u227:
Yaya Sani ai ku ne ba ku son mu koya, kada kasuwa ta ragu.

TelaSani_Zango:
A'a ƙanwata. Gyaran tsohon kaya ya fi sabon ɗinki cin lokaci, kuɗinsa kuma kaɗan ne, shi ya sa za ki ga an kawo mana ya yi makonni a ƙarƙashin tebur. Ku yi na gida, ku kawo mana na Sallah, kowa ya huta.

Binta_Magariya:
Ni dai ina tare da 'yar uwar da ta ce a bayar. Ku zo ƙauyukan da ke kewaye da mu ku gani. Akwai matar da zane biyu gare ta, in ta wanke ɗaya sai ta jira ya bushe. Zanen da mu muke kira tsoho, a wurinta na zuwa suna ne. In kowa ya ce zai yanka nasa, su wa za su tuna da su? Kuma ku faɗi gaskiya, da yawa za a yanka ne a kasa haɗawa, a bar ƙyallaye cikin leda. Ba a bayar ba, ba a mora ba.

Malam_Lawali:
Malama Binta ta taɓo abu mai muhimmanci, amma ina ganin babu karo tsakanin biyun. A Suratul Baƙara, aya ta 267, an hana mu nufin mummunan abu mu ce shi za mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ke nan zanen da tsakiyarsa ta mutu ba shi ne na sadaka ba tun farko. An kuma ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da hannunsa. Gyaran tufa ba abin kunya ba ne. Mai kyau a bayar, wanda ya gaji a gyara.

Binta_Magariya:
Na yarda Malam. Tsorona kawai kada mai kyau ya koma "ya gaji" don an ga zai yi kyau a riga.

Fanna_Gure:
Bari in koma kan maganar sanyi da Maman Hauwa ta yi. Gaskiya ne, amma ba kowane tsohon zane ba. Wanda aka yi da auduga shi ne ke laushi in ya tsufa, don wanki ya fitar da sitaci da duk abin da aka shafa masa a masaƙa, ramukan saƙar sun buɗe, iska tana shiga. Atamfar roba kuwa ko ta shekara goma roba ce. Ga yadda nake gwadawa: ki zaro 'yan zaruruwa daga bakin zanen, ki riƙe da ɗan ƙarfe, ki kunna ashana. Auduga tana ci da sauri, warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi da in kin murza ta watse. Roba tana nannaɗewa ta narke, hayaƙinta baƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murzuwa. In kin ga toka da dunƙule tare, gauraye ne. Ki yi a tsakar gida kusa da buta, nesa da yara.

'YarJami'a_UAS:
Inna Fanna, ƙarin bayani kaɗan. Akwai yadin da ake kira biskos, wanda ake yi da ɓargon itace, shi ma yana ci ya bar toka irin na auduga. Ba laifi a zafi, yana shan zufa, sai dai in ya jiƙe ba ya da ƙarfi kuma yana tsukewa. Yawancin dogayen rigunan nan masu zubowa da ake kawowa shi ne. Gwajin wuta ba zai raba shi da auduga ba, hannu ne zai gaya miki, ya fi santsi da nauyin zubowa.

Fanna_Gure:
Madalla ɗiyata, na ƙaru.

Abdu_MaiBosho:
Tunda an zo nan bari in yi tallar sana'ata. Mata da yawa suna zuwa Kasuwar Dole ranar Alhamis suna tonon riguna, suna tsallake zannuwan gado. Alhali zanen gado na bosho, wato na gwanjo, shi ne yadi mafi arha a garin nan. Na babban gado faɗinsa ya fi mita biyu, ita kuwa atamfa faɗinta bai kai mita ɗaya da kwata ba. Ku duba ɗan ƙyallen da ke maƙale a gefe, in an rubuta auduga ɗari bisa ɗari da Faransanci ko Turanci, ku ɗauka. Haka manyan taguwoyin maza masu dogon hannu, a cire hannun da kwala a yi wa yarinya riga, maɓallan ma suna nan an riga an yi miki.

Nana_Sabongari:
Malam Abdu, ba kullum rubutun nan ke faɗin gaskiya ba, wasu kuma an yanke shi. A dai haɗa da gwajin Inna Fanna. Kuma don Allah duk abin da aka sayo a bosho a wanke da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana kafin ya taɓa jikin yaro.

Ɗan_Mirya:
Kuna ta cewa a wanke, a wanke. Wanda yake unguwar da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba fa? A bazara 'yan ga-ruwa ma sai ka yi musu magiya. Mu a nan da sauƙi, amma 'yar uwata da ke Garin Malam da tsakar dare take tashi tarar ruwa.

Rabi_GarinMalam:
Wallahi ka faɗi gaskiya. Ni ruwan ɗauraya na ƙarshe nake tarawa a baho in jiƙa zannuwan da zan yanka. Tsohon zane ba ya buƙatar wani wanki mai yawa, ƙura da warin akwati ne kawai. Sabon yadi ne dole a jiƙa shi ya kwana, don auduga tana tsukewa a wankin farko. In ba haka ba ki ɗinka riga daidai, ki wanke, ta ɗage.

Ɗan_Mirya:
Matsalar ruwan Damagaram ai ta girmi kakanninmu. Tana cikin dalilan da ake faɗa na mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Damagaram a kan dutse take zaune.

Zara'u227:
Kawu an fara tarihi, mu dai riga muke nema.

Malam_Lawali:
Bari in ɗan bi shi, zan dawo kan riga. Garin nan a zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19 mahaɗar ayari ne tsakanin Kano da Tarabulus, kuma tufafi na cikin manyan kayan da ke ratsawa. Baƙin turkuɗi da ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano, Abzinawa ne manyan masu sayensa. Ku lura da mutanen da suka fi kowa zama cikin rana: ba sa tsuke jiki, ba sa kuma barin fata a waje. Riga mai faɗi, wando mai faɗi, rawani. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi kan rigunan Larabawan ƙauye a hamadar Negeb. An sa mutum ya tsaya a rana da baƙar riga, sannan da fara, aka auna. Baƙar ta fi ɗaukar zafi a samanta, amma zafin da ya isa fata kusan ɗaya ne, saboda iskar da ke yawo tsakanin rigar da jiki tana kwashe shi ta fita ta wuya. Abin da nake nufi, Maman Hauwa, faɗin rigar ya fi launinta muhimmanci. Kada ki ce sai farin zane za ki yanka.

'YarJami'a_UAS:
Malam, amma rigunan da aka gwada masu kauri ne kuma masu faɗi. Baƙar riga siririya da ta manne a jiki zafi za ta yi. Kada wata ta karanta ta je ta ɗinka matsattsiya baƙa.

Malam_Lawali:
Haka ne, shi ya sa na ce faɗi.

Maman_Hauwa_Birni:
Allah Ya saka da alheri, ina ta karantawa. Na ɗaga zannuwan a rana kamar yadda Malam Sani ya ce, da yawa tsakiyarsu ta yi shara-shara. To yaya zan yi da su? Kuma ni ban iya fitar da hannu da wuya ba, nan ne tsorona.

HajiyaKaka:
Wannan mai sauƙi ne ɗiyata. Ki tsaga zanen biyu daidai inda ya mutu, ki yanke mataccen wurin, sai ki juyo gefunan nan biyu masu ƙarfi su haɗu a tsakiya ki ɗinke. Inda kika yanka ya koma gefe, ki kalmashe. Kin sami sabon zanen ɗaurawa, ya ɗan rage tsawo kawai. Iyayenmu da allura da zare suke yi a gindin bishiya.

TelaSani_Zango:
Batun hannu, ki bar shi tukuna, bubu ba ya buƙatar a fitar masa da hannu. Turmin atamfa yadi shida ne, zane uku, kowanne yadi biyu. Zane ɗaya ya ishi yarinya, babba kuwa ki haɗa ya kai yadi uku zuwa uku da rabi gwargwadon tsayinki. Ki ninka biyu ta tsawo, ninkin shi ne kafaɗa. Ki sake ninkawa ta faɗi don ki sami tsakiya. Ki ɗora murfin ƙaramin kwano a kusurwar, ki zana da alli, baya ya zama ƙarami, gaba ki ɗan zurfafa. Ki yanka ƙasa da abin da kike zato, wuya ana ƙara shi amma ba a rage shi. Sannan ki buɗe, ki bar kamar taƙi ɗaya da rabi daga kafaɗa don hannu ya fita, ki sauke ɗinki miƙe har ƙasa. Wuyan kuma ki yanko siririn ƙyalle a karkace, ba bisa tsawon zane ba, don na karkace ne ke lanƙwasa ya bi zagaye ba tare da tattarewa ba. Ki ɗinka shi ta fuska, ki juya ciki, ki danne.

Abu biyu game da keken. Allura lamba 14 ce ta atamfa, in zanen ya yi laushi sosai ki sa 11, shadda mai kauri ko jins 16. Kuma ki buɗe takun ɗinkin, kada ki sa ƙanana. Ƙananan taku a tsohon yadi huda shi suke yi a jere, ja ɗaya ya tsage ta wurin.

Rabi_GarinMalam:
Bakin yadin da ke zarewa ta ciki fa? Mu ba mu da keken da ke cin baki.

TelaSani_Zango:
Ki yi ɗinki biyu. Na farko ta waje, fuskokin suna kallon waje, kusa da baki sosai. Ki rage bakin da almakashi, ki juya rigar, ki goge, ki sake ɗinkawa ta ciki yadda zai haɗiye na farkon. Babu zaren da zai fito, kuma ba ya sosa wa yaro jiki.

Nana_Sabongari:
Ina roƙo a wurin teloli, ku daina cusa mana shafin leda a cikin riga. Mutum ya sayi atamfar auduga da tsadarta, a sa mata shafin roba, ka fita biki ka dawo kamar an dafa ka a tukunya. Rigunana na da da yawa shafin kawai na farke, na buɗe hamata na sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, suka zama na bazara.

TelaSani_Zango:
Hajiya Nana, masu kaya ne ke cewa suna so riga ta tsaya. In kin ce a sa shafin auduga ko a bar shi babu, za a yi. Ki faɗa tun ranar awo.

Zara'u227:
Ni abin da ba wanda ya faɗa shi ne idon mutane. Damagaram kowa ya san zanen kowa. Ka yanka zanen ankon bikin wance ka sa wa yaro, ya fita ƙofar gida, kafin la'asar an ce gidan wane abin ya yi zafi har sun koma yankan tsumma. Ni na ji da kunnena an faɗa wa wata.

Fanna_Gure:
Masu faɗin nan ba su ne za su kwana suna yi wa yaron fifita ba in ƙuraje suka hana shi barci. A bazarar 2024, farkon Afrilu, cikin azumi, an auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali, mu ma nan kullum sama da 40 muke. Ga kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa, fanka ta tsaya. A irin wannan lokaci zan tsaya tunanin wa ya gane zanena?

Rabi_GarinMalam:
In kunyar ce, akwai rini. Farar shaddar da ta dafe ki kai wa marina su mayar da ita shuɗiya ko ruwan ƙasa, ba mai gane ta. Ko ki haɗa atamfar da yadi marar zane, jikin riga daban, wuya da aljihu daban. Sai dai rinin auduga ba ya kama roba, shi ma a gwada tukuna.

Abdu_MaiBosho:
Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kayan Kantin Kwari suka yi wuyar shigowa ta Matamai da Magariya, wa ya tsaya kunya? Na ga manyan mata suna zaɓen zanen gado a rumfata. Kuma masu keken ƙafa ne suka ci kasuwa a lokacin, masu na lantarki suna zaune jiran wuta.

HajiyaKaka:
Da muna da atamfar Sonitextil ta ƙasarmu, auduga tsantsa. Har yanzu akwai guda a ƙasan adakata, launin ya kwanta amma ko huda babu. Wannan kam ba zan yanka ba, ba zan bayar ba, jikata ce za ta gaje ta.

Binta_Magariya:
To Hajiya kin ga an samu kashi na uku ke nan. Ni dai har yanzu ina kan bakata, Maman Hauwa, in kin zo kan zanen da kike shakka, ki sa shi a kashin bayarwa. In ba ki da wanda za ki ba, ina shigowa gari ƙarshen wata, zan karɓa in kai inda ake bukata.

Nana_Sabongari:
Ko kuma ta ɗinka ɗin ta bayar a ɗinke. Yaran da ke yawo da rigar ƙwallo ta roba cikin ranar nan, 'yar shara ta auduga ta fi musu zanen da uwarsu za ta ajiye.

Binta_Magariya:
Uwar ta fi mu sanin abin da gidanta ke bukata. A ba ta zanen cikakke, in ta ga dama ta yanka da kanta.

Maman_Hauwa_Birni:
Malama Binta, na ware miki waɗanda tsakiyarsu ba ta nuna haske ba, ki yi min magana in kin shigo. Sauran na fara da mafi tsufa, na fitar da bubun ƙaramar kamar yadda Malam Sani ya kwatanta. Sai dai zaren ƙasa yana ta tattaruwa a bayan ɗinkin, yana yin kumbo. Allurar sabuwa ce, lamba 11.

TelaSani_Zango:
In ya taru a ƙasa, matsalar ta sama ce. Ki ɗaga ƙafar keken, ki zare zaren sama gaba ɗaya ki sake bi da shi, ki tabbata ya shiga tsakanin faranta biyun nan da ke matse shi. Ki buɗe ƙasa ki share ƙura da tsohon buroshin haƙori, a garin nan kwana kaɗan take cikawa, ki ɗiga man keke, ba man gyaɗa ba. Ki gwada a kan ƙyalle tukuna. In bai daina ba ki ɗauki hoton bayan ɗinkin ki turo.

Rabi_GarinMalam:
Ni ma nawa haka yake yi, Malam Sani. Zan gwada bayan Magariba in turo nawa hoton.